Ma'aikatan Jiragen Hiroshima da Nagasaki: Ina Iyakar Alhakin Ɗan Aike?

Mutum 12 ne ke cikin jirgin yaƙin Amurka samfurin B-29 da ya tashi daga tsibirin Tiniyan na tekun Fasifik da ƙarfe 2:45 na daren 6 ga Agusta, 1945, ya nufi Hiroshima ɗauke da bam ɗin nukiliya, kuma mutum 13 ne ke cikin wanda ya tashi bayan kwana uku da niyyar garin Kokura, ya ƙare da sauke kayansa a kan Nagasaki. Tun daga lokacin jama'a na son a tabbatar musu da ɗayan abu biyu game da waɗannan mutane, wato ko dai azzalumai ne marasa imani, ko kuma nadama ta ci su har ta taɓa musu hankali. Wanda ya bi tarihinsu a tsanake zai tarar da abin da ya fi waɗannan biyu tayar da hankali: ƙwararrun ma'aikata ne da aka horar da su har aikin ya cika musu kai, aka rarraba musu shi gutsure-gutsure ta yadda kowa ke ganin nasa kason kaɗai, amma duk da haka aka bar musu wani iko a sararin sama wanda ya kai ga zaɓar garin da zai mutu.

Kanar Paul Tibbets yana da shekara 29 lokacin da aka kira shi a watan Satumba na 1944 aka ɗora masa nauyin kafa rundunar da za ta jefa makamin da ko gwada shi ba a yi ba tukuna. Ba a zaɓe shi da ka ba. Yana cikin matuƙan da suka kai harin farko na manyan jiragen Amurka a kan Faransa da Jamus ta mamaye, a garin Rouen, ranar 17 ga Agusta, 1942. Shi ya tuƙa Janar Eisenhower zuwa Jibraltar gabanin mamayar Arewacin Afirka. Sannan ya shafe lokaci yana gwajin B-29 a zamanin da jirgin ya yi ƙaurin suna wajen kamawar injinsa da wuta. Da ya tashi haɗa mutanensa sai ya nemo abokan aikinsa na Turai, wato Thomas Ferebee mai saita bam da Theodore Van Kirk mai duba hanya. An kafa runduna ta 509 a hukumance ranar 17 ga Disamba, 1944, a Wendover, wani sansani da ke cikin hamadar gishiri ta jihar Yuta, kuma an zaɓi wurin ne saboda nisansa da mutane. Mutanen rundunar sun kusa 1,800, amma waɗanda suka san cewa batun makamin nukiliya ne ba su taka kara sun karya ba. An cika sansanin da jami'an sirri, ana buɗe wasiƙu, ana sauraren waya, kuma Tibbets da kansa ya ba da labarin cewa masu sakin baki an tura su Alaska.

Abin da suka yi ta maimaitawa wata da watanni shi ne yadda za su tsira daga nasu bam ɗin. An cire wa jiragensu sulke da dukan bindigogi ban da na wutsiya, domin su yi sauƙi su iya hawa sama da mita 9,000 da kaya mai nauyin fiye da tan 4. Matsalar ita ce bam ɗin da aka saki daga jirgi yana ci gaba da tafiya gaba da irin gudun jirgin, saboda haka matuƙin da ya miƙe hanyarsa zai tsinci kansa kusan a saman wurin fashewa. Masana sun ce sai jirgin ya yi nisan kimanin kilomita 13 kafin ya kuɓuta. Maganin da aka samo shi ne juyi mai kaifi na digiri 155 tare da sunkuyar da hancin jirgi don ƙara gudu, abin da bai dace da babban jirgi irin wannan ba, kuma shi suka yi ta yi har ya zama jiki. Da suka koma Tiniyan sun ci gaba da atisaye a kan Japan kanta daga 20 ga Yuli, suna jefa manyan bama-bamai na gargajiya masu siffar kabewa, jirgi ɗaya ko ƙalilan a lokaci guda. Wannan ya haifar da wani sakamako mai muhimmanci, domin masu tsaron sararin Japan sun saba ganin jirage biyu ko uku can sama ba tare da wata babbar ɓarna ba, kuma da yake man jirgi da harsashi sun yi musu ƙaranci, ba su cika ɓata su a kan irin waɗannan ba.

Kafin a yanke wa matasan nan hukunci ya kamata a san irin yaƙin da suka tarar a Tiniyan. A daren 9 zuwa 10 ga Maris, 1945, jiragen B-29 kusan 300 ƙarƙashin Janar Curtis LeMay sun ƙone gabashin Tokyo da bama-baman gobara, inda mutum kusan 100,000 suka halaka a dare guda. Daga nan aka bi biranen Japan ɗaya bayan ɗaya, fiye da 60. Ke nan ƙona farar hula daga sama ya riga ya zama aikin yau da kullum na dubban matuƙa kafin a ɗora makamin ƙare dangi a kan ko wane jirgi. A idon ma'aikacin jirgi na wancan lokaci, sabon abu a nan shi ne jirgi ɗaya zai yi aikin ɗaruruwa. Batun gubar da ke ci gaba da kashe mutane makonni da shekaru bayan fashewa kuwa, ko manyan da suka aike su ba su ba shi nauyin da ya kamata ba.

Umarnin da ya motsa su an sa masa hannu ranar 25 ga Yuli, kwana tara bayan gwajin farko na bam ɗin a hamadar New Mexico, daga Janar Thomas Handy zuwa Janar Carl Spaatz. Ya ce a jefa bam na farko da zarar yanayi ya ba da damar ganin gari da ido, daga wajen 3 ga Agusta, a kan ɗaya daga cikin Hiroshima, Kokura, Niigata ko Nagasaki, kuma a jefa sauran da zarar an kammala haɗa su. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce gaɓar da ake yawan tsallakewa. Ba a tanadi cewa shugaban ƙasa zai sake zama ya duba kafin na biyu ba. An miƙa ranar da garin ga kwamandojin da ke Fasifik, su kuma suka miƙa wani ɓangare ga hasashen yanayi. Kyoto tana cikin jerin farko, Sakataren Yaƙi Henry Stimson ne ya dage aka cire ta saboda matsayinta a al'adar Japan, kuma a haka Nagasaki ta shigo.

Tafiyar Hiroshima ta gudana kusan yadda aka tsara. Kyaftin William Parsons na sojan ruwa, wanda ya yi aiki da masanan Los Alamos, cibiyar da aka ƙera bam ɗin, ya ga yadda jiragen B-29 ke faɗuwa su kama da wuta wajen tashi a tsibirin, sai ya yanke shawarar ba za a kammala ɗana bam ɗin ba sai an tashi sama, don kada hatsarin jirgi ɗaya ya shafe sansanin. Saboda haka jim kaɗan bayan tashi ya shiga rumbun bam, wuri mai ƙunci da duhu, Laftanar Morris Jeppson na riƙe masa fitila, ya zuba albarushin da zai harba wani ɓangaren yuraniyom, wato sinadarin da ke haddasa fashewar, cikin ɗaya ɓangaren. Daga baya Jeppson ya koma ya zare marufai uku korayen da ke katse wutar lantarki, ya sa jajaye a gurbinsu. Tibbets ya sa an rubuta sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, a jikin jirgin ana gobe za a tashi, abin da ya fusata mataimakinsa Kyaftin Robert Lewis, wanda shi ne ya saba tuƙa jirgin yake kuma ganin nasa ne. Abin lura ne cewa a jajibirin irin wannan rana, rigimar da aka tabbatar an yi a kan fenti ce.

Sa'a guda kafin isarsu, jirgin duba yanayi na Manjo Claude Eatherly ya ratsa saman Hiroshima ya aiko da saƙon cewa gajimare kaɗan ne. Zuwansa ya sa an busa jiniyar gargaɗi a garin jim kaɗan bayan ƙarfe 7, da ya wuce kuma aka sanar da cewa hatsari ya kau wajen ƙarfe 7:30, mutane suka fito suka kama harkokinsu. Cikinsu akwai dubban ɗaliban sakandare da aka fitar don rushe gidaje a buɗe hanyoyin tare gobara. Ferebee ya saita a kan gadar Aioi mai siffar harafin T, ya saki bam ɗin da ƙarfe 8:15 agogon Japan. Ya yi daƙiƙa 43 yana faɗowa, ya fashe kimanin mita 600 a saman asibitin Shima, da ƙarfin da ya kai tan 15,000 na nakiya. Daga cikin kilo 64 na yuraniyom da ke cikinsa, wanda yawancin ma'adininsa daga Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka haƙo, abin da ya tarwatse bai kai kilo ɗaya ba. Kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu, har da dubban 'yan Koriya da aka kawo aikin tilas da kuma fursunonin yaƙi Amurkawa 12. A cikin jirgin kuwa, maharbin wutsiya George Caron ne ya ga iskar fashewar tana tahowa kafin ta bugi jirgin sau biyu, shi ne kuma ya ɗauki hoton hayaƙin. Bayan sa'a 12 da minti 13 suka sauka, Janar Spaatz ya maƙala wa Tibbets lambar yabo tun bai yi nisa da jirgin ba.

Wanda zai kafa hujja da cewa su 'yan aike ne kawai, tafiyar Hiroshima za ta ba shi goyon baya, domin babu wata mahimmiyar shawara da aka yanke a sama. Tafiyar Nagasaki ce ke rushe wannan hujja.

Tun farko 11 ga Agusta aka sa, sai aka jawo ranar zuwa 9 saboda hasashen cewa yanayi zai ɓaci na kwanaki. A cikin wannan gaggawa aka haɗa bam na biyu, mai amfani da sinadarin fulutoniyom, wanda ya fi na farko sarƙaƙiya da ƙarfi. Manjo Charles Sweeney, mai shekara 25, shi ne matuƙi, a cikin jirgi mai suna Bockscar, kuma Kwamanda Frederick Ashworth na sojan ruwa shi ne mai kula da makamin. Ana dab da tashi aka gano famfon da ke tura mai daga tankin ajiya ya lalace, ke nan kusan lita 2,400 na mai za su zama kaya kawai. An zaɓi a tafi a haka. A mahaɗarsu ta saman tsibirin Yakushima umarni shi ne kada a jira fiye da minti 15, amma jirgin ɗaukar hoto bai bayyana ba, Sweeney ya yi ta zagaye har wajen minti 45 yana ƙona man da ba shi da shi. Da suka isa Kokura, inda jirgin duba yanayi ya riga ya ce sarari na da kyau, sai suka tarar da hazo da hayaƙi sun rufe masana'antar makaman da aka nufa. An kai wa maƙwabciyarta Yawata harin gobara ana gobe. Sau uku suka ratsa saman garin da ƙofar rumbun bam a buɗe, sau uku mai saita bam Kyaftin Kermit Beahan ya ce bai ga wurin ba, ga kuma harbin kakkaɓo jirage ya fara matsowa. Sai suka juya.

Nagasaki ma gajimare ya lulluɓe ta, kuma man da ya rage na ratsawa ɗaya ne kacal. Zaɓi uku ke gabansu: su zubar da bam ɗin a teku, su yi kasadar sauka da shi a tsibirin Okinawa da Amurka ta riga ta ƙwace, ko su jefa shi da na'urar rada, abin da umarninsu ya haramta. Ashworth ya amince a bi da rada. A daƙiƙun ƙarshe Beahan, wanda a ranar yake cika shekara 27, ya ce ya ga ƙasa ta wata kafa a cikin gajimare, ya karɓi saiti ya saki da ƙarfe 11:02. Bam ɗin ya fashe a kwarin Urakami, kusan kilomita 3 daga inda aka nufa, tsakanin masana'antun makamai biyu na Mitsubishi, kuma kusa da babbar majami'ar Katolika ta garin, a unguwar da ta fi ko'ina yawan Kiristoci a Japan. Tsaunukan da ke kewaye sun kare tsakiyar birnin, shi ya sa duk da ƙarfinsa ya kai tan 21,000, waɗanda suka mutu zuwa ƙarshen shekara kimanin 74,000 ne. Bockscar ya sauka a Okinawa injinsa ɗaya ya riga ya mutu don rashin mai. Har yau masu bincike na tababa a kan ko da gaske Beahan ya ga abin da ya ce ya gani, kuma tazarar kuskuren tana ƙarfafa wannan tababa.

A ganina nan ne gaskiyar maganar take. Jinkirin da Sweeney ya yi, da bin doka da Beahan ya yi a Kokura, da sassauta dokar da Ashworth ya yi a Nagasaki, su ne suka raba tsakanin garin da ya tsira da wanda ya ƙone, da unguwar da abin ya faɗa wa. Ba su ne suka ƙera makamin ba, ba su ne suka rubuta jerin garuruwa ba, amma ba za a ce ba su da hannu a sakamakon ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai babu wata shaida cewa a cikin sa'o'in nan an tsaya ana muhawara a kan mutanen da ke ƙasa. Abin da ya cika bakinsu shi ne mai, da gajimare, da tsoron komawa da bam ɗin da aka kashe wa shirinsa dala biliyan 2. Tsarin da ya horar da su ya yi nasarar mai da tambayar rai da mutuwa ta zama tambayar lissafi. Shugaba Truman da kansa ya nuna alamar abin ya fara fin ƙarfinsa, domin ranar 10 ga Agusta ya hana sake jefa wani bam sai da izininsa kai tsaye, a daidai lokacin da ake shirya na uku don amfani bayan tsakiyar watan. Ikon da aka saki ranar 25 ga Yuli sai a ranar aka janyo shi.

Labarin nadama da hauka kuwa kusan dukansa daga mutum ɗaya ya samo tushe. Eatherly, wanda bai ga fashewar ba domin ya riga ya juya gida, ya shiga rikici bayan yaƙi: takardun banki na jabu, fasa ofisoshin gidan waya, da zama a asibitin masu taɓin hankali na tsofaffin sojoji a Waco ta jihar Texas. Ya danganta halinsa da Hiroshima, ya yi musayar wasiƙu da masanin falsafa Günther Anders, aka buga su, masu adawa da nukiliya suka ɗauke shi a matsayin alama, har jaridu da dama suka riƙa kiransa matuƙin da ya jefa bam. Abokan aikinsa sun ce matsalarsa ta girmi wannan, wasu ma suka ce haushin rashin samun suna ne. Ko ma mene ne, ciwonsa gaskiya ne, amma ba ya wakiltar sauran. Lewis ya rubuta a kundin tafiyarsa kalmomin da suka shahara, «Ya Ubangiji, me muka aikata?», kuma a 1955 ya haɗu da Fasto Kiyoshi Tanimoto, wanda ya tsira daga Hiroshima, a wani shirin talabijin. Leonard Cheshire, ɗan Birtaniyan da ya je kallon harin Nagasaki a madadin ƙasarsa, ya ƙare rayuwarsa yana kafa gidajen kula da naƙasassu. Amma Tibbets, Ferebee, Van Kirk, Sweeney da Jacob Beser, wanda shi kaɗai ya shiga jiragen biyu da suka jefa bam, duk sun mutu a kan cewa abin da suka yi daidai ne. Tibbets ma a 1976 ya tuƙa wani B-29 a bikin nunin jirage a Texas inda aka kwaikwayi harin har da hayaƙi, abin da ya sa gwamnatin Amurka ta ba Japan haƙuri.

Hujjarsu guda ce, wato bam ɗin ya kawo ƙarshen yaƙi ya hana mamayar Japan da aka shirya farawa 1 ga Nuwamba, 1945. Ba hujja ce ta banza ba ga wanda ya ga yaƙin Okinawa, inda Amurkawa fiye da 12,000 suka mutu, ga sojojin Japan da farar hula da suka ninka haka sau da yawa. Duk sojan da ke jiran a tura shi fagen Japan ya ji labarin da sauƙi a ransa, kuma yaƙin da ya tsaya ya haɗa da wanda ya kai dubban sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 dazukan Bama, waɗanda da yawansu da Hausa ake ba su umarni. To amma ma'aikacin jirgi ba shi ne ke da bayanan da za su tabbatar da hujjar ba. Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 8 ga Agusta, ta auka wa Manchuriya, yankin China da ke hannun Japan, a ranar da aka kai harin Nagasaki, kuma akwai manyan masana tarihi da ke ganin wannan ya girgiza shugabannin Tokyo daidai da bam ɗin ko fiye. Admiral William Leahy, babban hafsan fadar shugaban ƙasa, da Eisenhower, duk sun bayyana daga baya cewa ba su ga larurar amfani da shi ba. Wasu masanan kuma na nuni da cewa ko bayan bam biyu majalisar yaƙin Japan ta rabu gida biyu a kan miƙa wuya, sai da Sarki Hirohito ya sa baki, kuma wasu hafsoshi sun yi yunƙurin juyin mulki don hana jawabinsa na miƙa wuya ranar 15 ga Agusta. Hujjar ta fi ƙarfi a kan Hiroshima fiye da Nagasaki, domin kwana uku ba su isa gwamnatin da aka katse wa sadarwa da garin ta gama fahimtar abin da ya same ta ba.

Ma'aikatan sun tsufa suna tsaka da wannan taƙaddama, kuma ba su tsaya a gefe ba. A 1995, lokacin cika shekara 50, gidan tarihin jirage na Smithsonian da ke Washington ya shirya baje Enola Gay tare da hotunan waɗanda suka ƙone da kayayyakinsu da kuma ra'ayoyin masu suka. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca, Tibbets na cikin masu sukar shirin, aka soke shi, shugaban gidan tarihin Martin Harwit ya sauka daga muƙaminsa, aka nuna ɓangaren jirgin da taƙaitaccen bayani. Tibbets ya rasu a 2007 yana da shekara 92, bayan ya bar wasiyyar kada a yi masa jana'iza ko kabari mai alama don kada ya zama wurin zanga-zanga, Van Kirk kuma, na ƙarshe a cikin mutum 12 ɗin, ya rasu a 2014. Tun 2003 jirgin yake a haɗe cikakke a wani reshen gidan tarihin a jihar Virginia, kuma da aka buɗe wurin waɗanda suka tsira daga Hiroshima sun zo sun yi ƙorafi cewa allon bayaninsa ya kawo ƙirar jirgin da ranar harin, amma bai ambaci adadin waɗanda suka mutu ba.